Wanda Ya Ari Waƙa Ya Bar Mata Sunanta

A watan Nuwamba na 1993, ƙungiyar kiɗan rok ta Amurka mai suna Nirvana ta zauna a wani ɗakin ɗaukar shirye-shirye a birnin New York, ta rera waƙoƙi 14 domin tashar talabijin ta MTV, kuma 6 daga cikinsu na wasu mawaƙa ne. Ɗaya daga cikin shidan ita ce "The Man Who Sold the World", wadda mawaƙin Ingila David Bowie ya rubuta, ya kuma raɗa wa kundinsa na 1970 sunanta. Da aka kai ƙarshenta, jagoran ƙungiyar, Kurt Cobain, ya faɗa wa mahalarta a fili cewa waƙar David Bowie ce. Cobain ya rasu a watan Afrilu na 1994, aka fitar da wasan a matsayin kundi kafin shekarar ta ƙare, ya game duniya, har ta kai Bowie da kansa yana ba da labarin yadda matasa suke tarar sa bayan ya sauko daga dandamali, suna yaba masa da ya rera waƙar Nirvana.

Masu kushe al'adar sake rera waƙar wani sukan kafa hujja da irin wannan labari, su ce ga yadda mai maimaitawa yake danne mai asali har a manta da shi. Ni kuwa ina ganin labarin akasin haka yake nunawa. Nirvana ba ta taɓa sunan waƙar ba, ba ta goge sunan marubucinta daga jikin faifai ba, haƙƙin rubutu ya ci gaba da tafiya da sunan Bowie, kuma duk matashin da ya ɗauka waƙar Cobain ce, ranar da ya nemi sunanta a shagon faifai ko a intanet zai tarar da kundin 1970 a gabansa. Rashin sanin mai sauraro abu ne mai magani muddin sunan yana nan. Ra'ayina shi ne haɗuwar waƙoƙi a kan suna guda, wadda mutane da dama suke ɗauka ruɗani ce ko ƙarancin basira, a mafi yawan lokaci alama ce ta aro na gaskiya, kuma mafi munin cutar da aka yi wa mawaƙa a tarihin wannan kiɗa ta auku ne a inda aka ɗauki waƙa aka sauya mata suna.

Kafin a kai can, ya kamata a rarrabe abubuwan da suna guda yake lulluɓewa. Akwai mawaƙin da yakan ɗauko sunan waƙa ɗaya ya sa wa kundi sukutum, kamar yadda Bowie ya yi, ko kamar yadda Beatles suka yi da "Let It Be" a 1970. Wasu ma sun zarce haka, domin a wannan shekarar ce samari huɗu daga Birmingham ta Ingila suka fitar da kundi mai suna Black Sabbath, waƙarsa ta farko sunanta ke nan, ƙungiyar ma sunanta ke nan, kuma daga wani fim na ban tsoro na 1963 suka aro shi. Wannan ba ya cutar da kowa, mawaƙi ne kawai yake nuna wa mai saye inda zuciyar aikin take. Akwai kuma waƙoƙin da babu abin da ya haɗa su in ban da suna. Daga ƙarshen 1984 zuwa cikin 1985, waƙoƙi uku daban-daban masu suna "The Power of Love" sun yi tashe a Birtaniya, ta Frankie Goes to Hollywood da ta Jennifer Rush da ta Huey Lewis and the News, kowacce da baitocinta da karinta. Radiohead da Stone Temple Pilots kowacce ta fitar da tata "Creep" a 1992, sannan ƙungiyar mata ta TLC ta zo da wata a 1994. Neil Sedaka ya rera waƙa mai suna "Stairway to Heaven" tun 1960, shekara 11 kafin Led Zeppelin su fitar da tasu wadda duniya ta fi sani. Ƙungiyar The Replacements ta birnin Minneapolis kuwa da gangan ta sa wa kundinta na 1984 suna Let It Be, tana sane sarai da wanda ya riga ta.

Dokar Amurka, inda mafi yawan wannan ciniki yake gudana, ba ta ba kowa haƙƙin mallakar take ko suna ko gajeriyar jimla ba. Ƙungiya za ta iya yi wa sunanta rajista a matsayin alamar kasuwanci, amma taken waƙa ɗaya na kowa ne. Na yarda da wannan hukunci ɗari bisa ɗari. Abubuwan da ɗan Adam yake yi wa waƙa ba su da yawa: ƙauna da rabuwa da kaɗaici da dare da tafiya da gida da mutuwa, kalmomin da ake kiran su da su ma ƙididdigaggu ne. Da an ce wanda ya riga kowa sa wa waƙarsa wata kalma shi ya mallake ta, to da manyan kamfanonin faifai masu rundunar lauyoyi sun daɗe da tattare kalmomin a aljihunsu, kuma wanda zai sha wuya shi ne yaron da yake koyon jita a ɗakinsa, wanda sai ya nemi izini kafin ya kira waƙarsa da sunan abin da yake damun sa.

Na uku, wanda shi ne ainihin maganar, shi ne mawaƙi ya ɗauki waƙar wani da baitocinta da karinta da sunanta ya sake rera ta da tasa murya. Wannan ma doka ta buɗe masa ƙofa tun da jimawa, kuma dalilin buɗewar yana da ban sha'awa. A farkon ƙarni na 20 ana sayar da wani irin fiyano mai kaɗa kansa, wanda ake sa wa naɗaɗɗiyar takarda mai huji-huji. A 1908 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa masu yin wannan takarda ba su da abin da za su biya marubutan waƙa. Majalisar dokoki ta gyara wannan a 1909, amma saboda tsoron kada kamfanin Aeolian, wanda ya riga ya ƙulla yarjejeniya da masu buga waƙoƙi da yawa, ya mamaye kasuwar shi kaɗai, sai ta kafa sharaɗi: da zarar mai waƙa ya yarda an fitar da ita sau ɗaya, kowa yana iya ɗaukar tasa ba tare da neman izini ba, muddin ya biya ƙayyadajjen kuɗi. Kuɗin senti 2 ne a kan kowane kwafi, haka kuma ya tsaya har zuwa 1978, wato kusan shekara 70 babu ƙari, abin da ya zama zalunci a kan marubuta. Ya kai senti 9.1 a 2006, ya koma senti 12 a 2023. Ƙarancin kuɗin abin zargi ne, amma buɗe ƙofar ita ce ta ba kiɗan rok rabin dukiyarsa.

Ba kowa ne ya yarda da haka ba, kuma hujjar masu adawa tana da nauyi. Marigayi Prince, mawaƙin Amurka, ya sha kokawa a kan cewa a cikin dukkan ayyukan fasaha, waƙa ce kaɗai wani yake iya ɗauka ya sake yin ta ko mai ita bai so ba, alhali babu wanda zai sake yin fim ɗin wani ko ya sake buga littafinsa haka kawai. Yana da gaskiya cewa mai waƙa yakan ji zafi idan ya ji abin da ya fito daga cikinsa a bakin wanda bai fahimce shi ba. Sai dai tarihin waƙarsa guda ya isa amsa. Ya rubuta "Nothing Compares 2 U" aka fitar da ita a 1985 a kundin wata ƙungiya da ya kafa mai suna The Family, ta kwanta can ba tare da jama'a sun lura da ita ba, sai da Sinéad O'Connor ta Ireland ta rera ta a 1990 sannan duniya ta san akwai ta, kuma daga baya shi ma ya riƙa rera ta a wasanninsa. Waƙa ba ta yin kama da littafi ta wannan fuska, domin littafi yana kammala a takarda, ita kuwa waƙa ba ta kammala sai a maƙogwaron mai rerawa, kuma wanda ya rubuta ta ba lallai ne ya zama shi yake da maƙogwaron da ya dace da ita ba.

Babu misalin da ya kai na "All Along the Watchtower" bayyana wannan. Mawaƙin Amurka Bob Dylan ya fitar da ita a watan Disamba na 1967 a kundinsa John Wesley Harding, gajeriya, cikin sanyin murya, da jita marar lantarki da ɗan abin busa na baki. Ba a yi wata guda cikakke ba shahararren makaɗin jita Jimi Hendrix ya shiga ɗakin ɗaukar murya a Landan ya fara aiki a kanta, ya kuma shafe watanni yana gyara da ƙari kafin ta fito a watan Satumba na 1968. Bai ƙara mata labari ba, bai sauya mata suna ba, amma fargabar da take kwance a cikin baitocin Dylan, ta masu gadi a kan hasumiya da mahaya biyu masu ƙaratowa da iska mai tasowa, Hendrix ya ciro ta ya ɗora a kan igiyoyin jitarsa ta lantarki har mai sauraro ya ji guguwar da kunnensa. Ita ce waƙar Hendrix da ta fi kowacce hawa sama a jadawalin cinikin Amurka. Abin da ya fi muhimmanci shi ne martanin mai waƙar. Dylan ya faɗa cewa tun bayan rasuwar Hendrix a 1970 da salonsa yake rera ta, kuma ita ce waƙar da ya fi rerawa a dandamali a tsawon rayuwarsa, sama da sau 2,000. Da doka ta ba Dylan ko kamfaninsa ikon cewa a'a, kuma wani ma'aikaci a ofis ya yi amfani da ikon, da mai waƙar da kansa bai taɓa jin iyakar abin da ya rubuta ba.

A wasu lokutan mai maimaitawa yakan ɗaga sunan da ya aro ya maƙala shi a goshin kundinsa, kuma ina ganin wannan shi ne mafi kyawun ladabi a sana'ar. The Byrds sun ɗauki "Mr. Tambourine Man" ta Dylan a 1965, suka rage ta zuwa baiti ɗaya cikin huɗu tare da amshi, suka sa mata jita mai igiya 12, ta kai lamba ɗaya a Amurka da Birtaniya, sannan suka sa wa kundinsu na farko sunanta. Joe Cocker ya ɗauki "With a Little Help from My Friends", wadda Beatles suka fitar a 1967 a matsayin waƙa mai sauƙi da fara'a, ya rage mata gudu, ya sauya mata taki, ya rera ta kamar mai kukan neman agaji, ta kai lamba ɗaya a Birtaniya a 1968, ya kuma sa wa kundinsa na 1969 sunanta. Joan Jett ta ga wata ƙungiya da ba ta yi suna sosai ba, Arrows, tana rera "I Love Rock 'n' Roll" a talabijin ɗin Ingila. Waƙar ta 1975 ce, Alan Merrill da Jake Hooker suka rubuta. Jett ta rera ta, ta sa wa kundinta na 1981 sunanta, ta shafe mako 7 a lamba ɗaya a Amurka a 1982. Wanda yake da niyyar ɓoye inda ya samo abu ba zai rubuta shi da manyan baƙaƙe a bangon faifai ba. Haka Johnny Cash, yana tsoho marar lafiya a 2002, ya rera "Hurt" ta ƙungiyar Nine Inch Nails, waƙar saurayi mai fama da miyagun ƙwayoyi ta 1994, ta koma a bakinsa waƙar dattijo mai lissafin abin da ya shuka, har marubucinta Trent Reznor ya ce da ya ga hoton bidiyon ya ji ta tashi daga tasa. Duk da haka sunansa ne a kanta har gobe.

Akwai ƙalubale mai ƙarfi da za a iya yi wa wannan ra'ayi nawa, kuma daga shekarun 1950 yake fitowa. A lokacin kasuwar waƙa a Amurka rabe take bisa launin fata, gidajen rediyo da yawa ba sa sa waƙar baƙar fata, don haka kamfanoni suka mayar da maimaitawa makami: da zarar waƙar baƙi ta fara tashe, sai a yi maza a ba wani Bature ya rera ta cikin laushi, a cika kasuwa da tasa. "Ain't That a Shame" ta Fats Domino ta tsaya a lamba 10 a babban jadawali a 1955, ta Pat Boone kuwa ta kai lamba ɗaya, kuma Boone ya sake rera "Tutti Frutti" ta Little Richard, tasa ta wuce ta mai asali a jadawalin. Labarin da ya fi taɓa zuciya shi ne na Willie Mae Thornton, wadda aka fi sani da Big Mama Thornton. Jerry Leiber da Mike Stoller sun rubuta mata "Hound Dog" musamman dominta, ta ɗauke ta a 1952, ta fito a 1953, ta shafe mako 7 a saman jadawalin waƙoƙin baƙar fata. A bakinta waƙar mace ce mai korar namiji marar amfani daga ƙofarta. Elvis Presley ya ji wata ƙungiya, Freddie Bell and the Bellboys, tana rera wani sauyayyen nau'inta a Las Vegas, ya ɗauka a 1956, aka sayar da miliyoyin faifai. Thornton ta sha faɗa cewa dala 500 kawai ta taɓa samu a kan waƙar, kuma ta rasu a 1984 ba ta da komai. Ga suna an bari yadda yake, ga kuma cuta an yi.

Amsata ita ce a duba ta inda cutar ta shigo. Ta shigo ne ta yarjejeniyar da ke tsakanin Thornton da kamfanin faifanta, da ta wariyar launin fata a gidajen rediyo, da kuma ta giɓin da ke cikin doka, wadda take biyan marubuci idan an maimaita waƙa amma ba ta san da zaman wanda ya fara rera ta ba. Har yau tashoshin rediyo na gargajiya a Amurka marubuci da mai buga waƙa suke biya, mai murya ba ya samun komai. Waɗannan duka abubuwa ne da ya kamata a yaƙa. Amma sunan da aka bari shi ne abu ɗaya da ya yi wa Thornton aiki, domin duk wanda ya bi sawun waƙar Presley sai ya iso gare ta, kuma ta wannan hanya ce zuriya bayan zuriya suke gano muryarta, har aka shigar da ita zauren karramawa na kiɗan rok da ke Cleveland a 2024, shekara 40 bayan rasuwarta. An makara ƙwarai, amma hanyar ba ta taɓa toshewa ba.

A kwatanta wannan da inda aka sauya suna. Willie Dixon na Chicago ya rubuta "You Need Love", Muddy Waters ya rera ta a 1962. A 1969 Led Zeppelin suka buɗe kundinsu na biyu da "Whole Lotta Love". Kiɗan jitar da ya sa waƙar ta yi suna na makaɗin jitarsu Jimmy Page ne, wannan ba a musu a kansa, amma wani babban ɓangare na baitocin daga waƙar Dixon aka kwaso shi, kuma sunayen 'yan ƙungiyar huɗu kaɗai aka rubuta a faifan. Mai sauraro a Landan ko Tokyo ba shi da wata alama da za ta kai shi Chicago. Sai a 1985 Dixon ya shigar da ƙara, aka sasanta a wajen kotu a 1987, aka ƙara sunansa. Shekara 16 ke nan waƙar tana tara dukiya kafin mai baitocin ya kai ga kotu. Ita wannan ƙungiya ta kuma nuna cewa barin suna kaɗai bai wadatar ba idan an goge na marubuci, domin "Dazed and Confused" da ke kundinsu na farko sunan waƙar Jake Holmes ne ta 1967, amma Page aka rubuta a matsayin mai ita, sai bayan ƙarar da Holmes ya shigar a 2010 aka fara ambaton sa. Ko a nan ma, sunan da ya rage shi ne ya sa masu bincike suka daɗe da sanin gaskiyar maganar.

Mu 'yan Afirka muna da namu rabon a wannan tarihi. A 1939 Solomon Linda, Bazule mai aikin leburanci a Johannesburg, ya ɗauki "Mbube" tare da ƙungiyarsa Evening Birds a kamfanin Gallo, ya kuma sallama haƙƙinta a kan kuɗi ƙalilan. Faifan ya isa hannun Pete Seeger a Amurka, ƙungiyarsa The Weavers ta fitar da ita a farkon shekarun 1950 da sunan "Wimoweh", aka rubuta wani sunan aro, Paul Campbell, a gurbin marubuci, kamar dai waƙar gargajiya ce marar mai ita. A 1961 aka ɗora mata baitocin Ingilishi, The Tokens suka rera ta da suna na uku, "The Lion Sleeps Tonight", ta kai lamba ɗaya, daga baya ta shiga fim ɗin Disney na 1994, The Lion King. Seeger ya aika wa Linda da wani abu da ya gano akwai mai waƙar, amma Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai da ɗan jaridar Afirka ta Kudu Rian Malan ya tono labarin a mujallar Rolling Stone a 2000, aka shiga shari'a, sannan a 2006 aka sasanta da magadansa. Kowane sauyin suna ya ƙara nesanta waƙar da mai ita, har ya zamana sai an yi binciken jarida kafin a haɗa kan suna na uku da na farko. Irin wannan ta faru da ɗan Najeriya Babatunde Olatunji, makaɗin ganga daga Ajido kusa da Badagry, wanda kundinsa Drums of Passion ya yi suna a Amurka. 'Yan ƙungiyar Santana ta Amurka sun ɗauki waƙarsa "Jin-go-lo-ba" a 1969 suka kira ta "Jingo", sunan da yake nuna gida kai tsaye, shi kuwa mawaƙin Faransa Serge Gainsbourg ya riga ya ɗauke ta a 1964 ya kira ta "Marabout" ba tare da ambaton Olatunji ba.

Hausawa ba baƙi ba ne ga ladabin gina waƙa a kan ta wani. Malamanmu sun san tahamisi, inda mai hikima yake ɗaukar baitin wani mai layi biyu ya ƙara masa uku ya zama biyar. Ishiriniyar da ake karantawa a masallatai da zaurukanmu ta Alfazazi ce, da tahamisin Ibnu Muhib, kuma ana ambaton su duka biyu. "Tabbat Haƙiƙa" Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fillanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, waƙa ɗaya da suna ɗaya da hannu uku, kowanne an san aikinsa. Ba ina daidaita waɗannan waƙoƙi da kiɗan rok ta fuskar daraja ko manufa ba ne, tsarin ambaton mai asali kawai nake nuni da shi. Kuma adalci ne a faɗa cewa mu da muka gaji wannan tsari mun ga yadda a finafinan Hausa aka daɗe ana ɗauko karin waƙoƙin Indiya, a ɗora musu baitocin Hausa da sabon suna ba tare da ambaton mai karin ba, wanda bai bambanta da abin da aka yi wa Linda ba sai ta fuskar yawan kuɗin da ke ciki.

Abin da tahamisi ya kiyaye kuma dokar Amurka ta bari shi ne haƙƙin hannu na biyu. Dokar ta yarda mai maimaitawa ya tsara kiɗan yadda ya dace da muryarsa, amma ba ta ba shi mallakar wannan tsari ba sai da yardar marubuci. Ma'anar haka ita ce duk ƙungiyar da ta kaɗa "All Along the Watchtower" da salon Hendrix, masu haƙƙin rubutun Dylan take biya, magadan Hendrix ba su da kaso. A inda kuma waƙa ta gargajiya ce marar sanannen marubuci, sai lamarin ya juye, wanda ya riga rubuta sunansa a matsayin mai tsari ya kwashe komai. "The House of the Rising Sun" tsohuwar waƙar jama'a ce. Dave Van Ronk ya yi mata wani tsari a New York, Dylan ya ɗauki tsarin ya sa a kundinsa na farko a 1962, sannan The Animals na Newcastle suka fitar da tasu ta lantarki a 1964 ta kai lamba ɗaya a Birtaniya da Amurka. Sunan mutum ɗaya cikin biyar, Alan Price, aka rubuta a matsayin mai tsari, sauran sun ce an gaya musu babu gurbin da zai ɗauki sunayen duka a jikin faifai, kuma kuɗin tsarin gare shi ya tafi. Van Ronk bai samu komai ba, har ma ya daina rera waƙar saboda ana cewa ta Dylan ya kwaikwaya.

A zamanin faifan garmaho da kaset, mai saye yakan juya bango ya karanta sunan marubuci a ƙarƙashin kowace waƙa. Yau yawancin mutane ta manhajojin waya suke saurare, inda ake nuna take da sunan mai murya kawai, wanda ya fi yawan masu saurare kuma shi yake fitowa a sama idan an nemi suna. Spotify bai fara nuna sunayen marubuta ba sai a 2018, shi ma sai mutum ya latsa ya shiga ciki kafin ya gani. Wannan sakaci yana da farashi a kuɗi tsaba. Bayan dokar gyaran harkar waƙa da Amurka ta yi a 2018, an kafa wata hukuma domin tattara haƙƙin marubuta daga waɗannan manhajoji, kuma a farkon 2021 kamfanonin suka miƙa mata kimanin dala miliyan 424, kuɗin da suka taru saboda an kasa haɗa waƙoƙin da aka saurara da waɗanda suka rubuta su.

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne. A ƙarƙashin kowace waƙa da aka maimaita, a fuskar farko da mai sauraro yake gani, a rubuta wanda ya rubuta ta da wanda ya fara rera ta da shekarar, in kuma tsarin kiɗan na wani ne na tsakiya a ambace shi. A inda waƙoƙi suka yi tarayya a suna kawai, a nuna cewa ba ɗaya ba ne, domin mai neman ta Sedaka kada a tura shi ga ta Led Zeppelin. Kamfanonin da suke iya hasashen waƙar da mutum zai so ya ji nan gaba ba za su ce layi ɗaya na rubutu ya fi ƙarfinsu ba. Za a ce ai akwai waƙoƙin da ba a san mafarinsu ba, kuma gaskiya ne. A irin wannan sai a rubuta cewa ta gargajiya ce, a ambaci tsofaffin muryoyin da aka ɗauka, wanda a "The House of the Rising Sun" yana nufin Clarence Ashley da Gwen Foster a 1933, da Georgia Turner, 'yar wani mai haƙar kwal a jihar Kentucky, wadda mai tattara waƙoƙin gargajiya Alan Lomax ya ɗauki muryarta a 1937 tana da shekara 16.